Ruwan Da Ya Janye Da Ruwan Da Ya Kwanta: Nazari A Kan Koyarwar "Wahala Makarantar Allah Ce"

A daminar shekarar 2022 ruwa ya ci ƙasar Haɗejiya. Gonakin shinkafa suka nutse, gidajen ƙasa suka zube, hanyoyi suka yanke, mutane da yawa suka koma kwana a makarantun firamare da kan tudu. A faɗin Najeriya an ƙidaya fiye da mutum 600 da suka rasa rayukansu, fiye da miliyan ɗaya kuma suka bar gidajensu. Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Bayan ruwan ya ja baya, aka gayyace ni in yi wa'azi a wata ƙaramar ikilisiya a wannan yanki. Na ɗauki Romawa 5:3-5, na kuma zaɓi misalin da na tabbata kowa zai gane. Na ce ambaliya takan bar laka mai taki a fadama, saboda haka inda ruwa ya fi kwanciya nan amfani yake fin kyau, haka kuma wahala take ga mai bi. Aka ce amin, aka raira waƙa, aka tashi.

A bakin ƙofa wani dattijo, manomi kuma masunci, ya riƙe hannuna ya ce, "Fasto, Allah ya ƙara basira. Amma ruwan da ka faɗa, wanda yake zuwa ya tafi ne. Akwai wanda yake zuwa ya kwanta, shi kuwa kachalla yake haifa." Na ce, "Baba, na ji." Sai daga baya na sami labari cewa a cikin waɗanda suka saurare ni ran nan akwai wata mata wadda ɗaki ya rushe a kan ɗanta. Ta zauna ta ji fasto yana gaya mata cewa wannan taki ne.

Tun daga lokacin nake sake duba wannan koyarwa da muke yawan yi daga kan mumbari, cewa wahala makarantar Allah ce, duk wanda ya shige ta kuma zai fito da girma cikin ruhu. Wannan nazari zai auna ta: daga ina ta fito, mene ne gaskiyar da ke cikinta, a ina kuma take cutar da tumakin da aka ba mu kiwo.

Asalin koyarwar

Koyarwar tana da saiwa biyu a wurinmu. Ta farko tana cikin harshenmu. Mukan ce bayan wuya sai daɗi, mahaƙurci mawadaci, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a ƙasar Haɗejiya, sukan yi maganar jarrabawa da ƙaddara. Mai bi da ya tashi a nan ya riga ya sha wannan tunani tun kafin ya buɗe Littafi Mai Tsarki, don haka idan ya karanta Romawa 5, sau da yawa karin maganar kakanninsa yake ji.

Saiwa ta biyu tana cikin littattafan tauhidi. Ireniyus, bishop na birnin Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya koyar a ƙarni na biyu cewa Allah ya halicci mutum kamar yaro wanda zai girma ya kai ga kamannin Mahaliccinsa. A shekarar 1966 wani masanin falsafa ɗan Ingila, John Hick, ya ɗauki wannan tunani ya gina babban bayani a kai cikin littafinsa Evil and the God of Love, wato mugunta da Allah mai ƙauna. Hujjarsa ita ce, duniyar da babu haɗari ko zafi ko hasara ba za ta iya haifar da jarumtaka, ko tausayi, ko aminci ba. A ganinsa duniya wurin ƙera rai ce, wahala kuwa kayan aikin maƙerin. Kafin shi, C. S. Lewis ya rubuta The Problem of Pain a 1940, inda ya kwatanta zafi da lasifikar da Allah yake tashe kurmar duniya da ita. Fastoci da yawa ba su taɓa karanta Hick ko Lewis ba, amma tunaninsu ya iso gare mu ta littattafan ibada da wa'azin rediyo.

Gaskiyar da ke cikinta

Ba daidai ba ne mu yi watsi da koyarwar gaba ɗaya. Littafi Mai Tsarki yana haɗa wahala da balaga a wurare da dama. A Romawa 5 Bulus ya jera matakai huɗu: ƙunci, jimiri, halin da aka gwada, sa'an nan bege. Yakubu 1:2-4 da 1 Bitrus 1:6-7 suna magana a kan gwajin bangaskiya. Ibraniyawa 5:7-8 ya nuna cewa Ubangiji kansa ya bi ta hanyar shan wuya cikin biyayyarsa.

Tarihin ikilisiya a Arewa ma shaida ne. Cikin mutum uku da suka iso Legas a 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun mutu a 1894 ba su ga amfanin aikinsu ba, Rowland Bingham kaɗai ya rage. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, kuma daga cikin majiyatan nan, waɗanda jama'a ke ƙyama, aka sami masu bi da masu bishara Hausawa. Kowannenmu ya san wata tsohuwa a zumuntar mata wadda addu'arta take da nauyin da ba a samu a aji.

Haka nan koyarwar tana tsare mu daga wani kuskure da ya fi ta muni, wato wa'azin wadata, mai cewa talauci da ciwo alamar ƙarancin bangaskiya ne. Wanda ya gaya wa manomin da gonarsa ta nutse cewa bai ba da zakka yadda ya kamata ba, ya ɗora masa laifi a kan hasara. Idan aka kwatanta da wannan, "wahala makarantar Allah ce" tana da mutunci. Sai dai tana da rauni uku, fadamar Haɗejiya kuma za ta taimake mu mu gan su.

Abin da fadama take koyarwa

Kogin Haɗejiya yana samun ruwansa daga kogin Kano da kogin Challawa. Idan ya wuce garin Haɗejiya sai ya rarrabu cikin ƙasa mai shimfiɗa, ya haɗu da ruwan kogin Jama'are, su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Dausayin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, yana cikin wannan shimfiɗa, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, musamman saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a can.

Tun kaka da kakanni rayuwar wurin tana bin numfashin kogin. Ruwa ya hau da damina, kifi ya hayayyafa a cikin ciyawa, shinkafa ta tashi tare da ruwan. Ruwa ya janye da kaka, manomi ya bi sawunsa ya shuka wake da sauran amfanin rani a cikin danshin da ya bari, makiyayi ya kawo shanunsa, rijiyoyi su cika. Wannan shi ne ruwan da na yi wa'azi a kansa.

Amma an gina madatsar Tiga a 1974, aka gina ta Challawa a 1992, domin noman rani da ruwan sha na Kano. Madatsun sun kawo amfani ga mutane da yawa, sun kuma canja halin kogin. Ambaliyar da ke zuwa a kan kari ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuwa ya sa wasu wurare ba sa bushewa duk shekara. A irin wannan ruwa mai kwanciya kachalla take yaɗuwa. Takan toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, ruwan ya rasa mafita ya malala cikin gonaki da ƙauyuka, wasu wurare kuma su rasa shi sam. Masunci ba ya iya jefa taru a cikinta, kwalekwale ba ya ratsa ta, tsuntsayen jan-baki kuma sukan sami mafaka a ciki su fito su cinye hatsi. Ruwa ɗaya ne, daga kogi ɗaya. A wani wuri ya bar taki, a wani wuri ya kashe gona. Abin da ya bambanta su shi ne ko ruwan ya sami hanyar fita, da kuma abin da mutane suka yi wa kogin.

Rauni na farko: wahala ba ta da ikon girmar da kowa

Idan muka ce wahala tana girmar da mai bi, mun ba wahala aikin da ba nata ba. Littafi Mai Tsarki cike yake da mutanen da wahala ta lalata. Annoba goma ba su tausasa zuciyar Fir'auna ba. An faɗa game da sarki Ahaz, a 2 Tarihi 28:22, cewa a lokacin ƙuncinsa ne ya ƙara yi wa Ubangiji rashin aminci. A misalin mai shuka, Markus 4:16-17, tsanani ne ya busar da irin da ya faɗa a kan dutse. Marubucin Ibraniyawa, bayan ya yi maganar horo a sura 12, nan da nan ya gargaɗi ikilisiya ta kula kada saiwar ɗaci ta tsiro a cikinta. Ya san cewa ƙasar da horo ya jiƙa tana iya fid da amfani, tana kuma iya fid da ɗaci.

Mu ma mun gani. Mun ga wanda hasara ta mai da shi mashayi, wadda mutuwar miji ta raba da sujada, matashin da tsanani ya cika wa zuciya da ƙiyayya. Ba mu cika kawo su cikin wa'azi ba, domin waɗanda suka tsaya ne kawai suke tashi su ba da shaida. Waɗanda suka nutse ba sa zuwa taron godiya. Idan muka gina koyarwa a kan shaidar waɗanda suka tsira kaɗai, mun yi kamar mai auna ambaliya da gonakin da suka yi kyau.

Hick kansa ya amince cewa akwai wahalar da take rushe mutum ba tare da ta gina kome ba, kuma mutane da yawa suna mutuwa ƙerar ba ta ƙare ba. Yadda ya warware wannan shi ne ya ce aikin zai ci gaba bayan mutuwa, har a ƙarshe kowa da kowa ya sami ceto. Wannan ginshiƙi ne ya riƙe dukan ginin nasa. Mu kuwa ba mu karɓi koyarwar ceton kowa da kowa ba. Byang Kato ya yi gargaɗi a kanta cikin Theological Pitfalls in Africa a 1975, kuma ikilisiyoyinmu sun tsaya tare da shi. To, wanda ya ari rufin Hick ya bar ginshiƙin, me zai ce game da jaririn da ruwa ya ci? Wane darasi ya koya? Idan aka ce darasin na uwar ne, an mai da ran yaro alli da allo don a koyar da wani, wannan kuwa bai yi kama da Ubangijin da ya ɗauki yara a hannunsa ba.

Mu koma Romawa 5 mu karanta daga aya 1 har zuwa aya 11. Bulus ya fara da barata ta wurin bangaskiya da salama da Allah. Ya rufe jerin matakan da dalilin da ya sa begen ba ya kunyatarwa, wato ƙaunar Allah da Ruhu Mai Tsarki ya zuba a zukata, ya kuma kafa wannan ƙauna a kan mutuwar Almasihu. Mai aikin a cikin nassin Ruhu ne. Ƙunci wuri ne kawai da aikin yake faruwa. Haka Farawa 50:20 ya kira abin da 'yan'uwan Yusufu suka yi mugunta, bai canja masa suna ba, sa'an nan ya nuna Allah yana juya shi. A Romawa 8 halitta tana nishi tana jiran 'yanci, a 1 Korintiyawa 15:26 kuma an kira mutuwa abokiyar gaba. Allah yana iya cire alheri daga hannun abokin gaba, amma wannan bai mai da abokin gaba malami ba.

Rauni na biyu: magana mai gaskiya a bakin da bai dace ba

Littafin Ayuba yana da wani abu da ya kamata ya tsorata kowane mai wa'azi. A Ayuba 5:17 Elifaz ya gaya wa Ayuba cewa wanda Allah ya hora mai albarka ne, kada ya raina horon. Wannan kusan daidai yake da Karin Magana 3:11-12, wanda Ibraniyawa 12 ya ɗauko. Maganar ba ƙarya ba ce. Duk da haka a Ayuba 42:7 Allah ya yi fushi da Elifaz da abokansa biyu, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar bawansa Ayuba, wanda ya yi ta kuka da gardama. Laifinsu shi ne sun ɗauki ƙa'ida ta gaba ɗaya suka manna wa mutum ɗaya, kamar sun san abin da ke faruwa a sama, alhali ba su sani ba. Aikin kirki da suka yi shi ne kwana bakwai na farko da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba.

Ubangiji Yesu ya ƙi irin wannan lissafi sau biyu. A Luka 13:1-5 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. A Yahaya 9 ya ƙi yarda cewa zunubin makahon ko na iyayensa ne ya jawo makantar, sa'an nan ya warkar da shi. A kabarin Li'azaru, ko da yake ya san abin da zai yi, ya yi kuka.

Mu lura da wanda yake da izinin cewa wahala ta yi amfani, da kuma lokacin da yake faɗa. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi. Sai bayan shekara 22, da ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa a Farawa 45, ya ce Allah ne ya aiko shi gaba. Da bakinsa ya faɗa, a kan wahalarsa, bayan ya ga ƙarshenta. Da wani ya leƙa rijiyar Dotan ya gaya masa haka yana ciki, da zalunci ne. Bulus ma a 2 Korintiyawa 1:8-9 bai ɓoye cewa ya fid da rai a Asiya ba, sai daga baya ya ga abin da ya koya. Girma ta wurin wahala shaida ce da mai wahala yake bayarwa yana waiwaye. Idan fasto ya mai da ita bayanin da zai miƙa wa mai makoki ran jana'iza, ya ƙwace masa shaidar kafin ta nuna.

Lewis ya gano wannan da jikinsa. Matarsa, Joy Davidman, ta mutu da ciwon daji a 1960. A 1961 ya fitar da A Grief Observed da sunan aro, inda ya kwatanta addu'arsa da ƙwanƙwasa ƙofar da aka rufe aka sa sakata daga ciki. Bai bar bangaskiya ba, bai kuma janye littafinsa na farko ba, amma duk wanda ya karanta su biyun zai ji bambancin murya. Ina shawartar ɗalibai kada su karanta na 1940 ba tare da na 1961 ba.

A nan ne maganar dattijon nan ta fi kama ni. Ruwan da ke amfani shi ne wanda ya sami hanyar fita. Hanyar da Allah ya haƙa wa baƙin ciki ita ce makoki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne. Zabura 69 ta fara da mutumin da ruwa ya kai wa wuya, wanda ya rasa wurin sa ƙafa cikin laka, hoton da ba sai an fassara wa ɗan Guri ko Kirikasamma ba. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ba, Ruhu Mai Tsarki kuma bai ga ya kamata a gyara ta ba. A kan gicciye Ubangiji ya yi addu'a da farkon Zabura 22. Mu kuwa mukan ce wa gwauruwa ta yi haƙuri, ta share hawaye, kada marasa bi su ga kamar ba mu da bege. Haƙurin da ake nufi da shi a nan yin shiru ne. Jimirin da Sabon Alkawari yake yabo kuwa shi ne tsayawa a gaban Allah ba tare da an sake shi ba, ko da ana kuka. Baƙin cikin da aka hana wa fita ba ya bushewa. Yakan kwanta shekara da shekaru, abin da ke tsirowa a cikinsa kuma mun riga mun san sunansa.

Rauni na uku: tana rufe hannun mutum

Manzo Bitrus ya bambanta wahala iri iri. Akwai wadda mutum ya jawo wa kansa, akwai wadda yake sha saboda sunan Almasihu (1 Bitrus 2:19-20, 4:15-16). Abin da ya sami Rabaran Lawan Andimi na EYN, wanda Boko Haram suka kashe a Janairu 2020, da Leah Sharibu da aka sace a Dapchi a Fabrairu 2018, shan wuya ne saboda sunan. Ambaliya ba haka take ba. Ta ci gonar Kirista da ta Musulmi ba ta tambayi sunan kowa ba. Kuma ba dukanta ce daga sama ba. Yawan ruwan sama yana ciki, amma akwai yadda ake sakin ruwan madatsa, akwai hanyoyin ruwa da suka toshe ba a yashe ba, akwai gini a kan magudanai, akwai gargaɗin da bai isa ƙauye a kan kari ba.

Idan muka zuba dukan waɗannan a kwando ɗaya muka rubuta masa "makarantar Allah", mun wanke hannun duk wanda ya yi sakaci, mun kuma koya wa talaka ya gode wa abin da ya kamata a gyara. Yusufun da ya ga hannun Allah cikin wahalarsa shi ne ya gina rumbuna kafin yunwa ta zo. Ikilisiyar Antakiya da ta ji labarin yunwa, a Ayyukan Manzanni 11:27-30, gudummawa ta tara ta aika Yahudiya. Nehemiya da ya ji kukan waɗanda suka jinginar da gonakinsu saboda yunwa, a sura 5, manya ya tara ya tsawata musu. A yankin Haɗejiya mutanen ƙauyuka sukan haɗu su yi aikin gayya, su shiga ruwa da lauje da adda su sare kachalla, su cika buhuna da ƙasa su yi jinga. Ikilisiyar da ke zaune a cikinsu tana da wuri a wannan gayya, kafaɗa da kafaɗa da maƙwabta. Tana kuma da bakin da za ta yi wa hukuma magana cikin ladabi da gaskiya.

Abin da ya rage wa mai hidima

Ba na cewa mu daina wa'azi daga Romawa 5 ko Yakubu 1. Ina cewa mu gyara jimlar. Maimakon "wahala za ta girmar da kai", mu ce "Allah bai bar ka ba cikin wannan, yana kuma da iko ya fitar da rai daga ciki". Ta farko alkawari ce da Littafi Mai Tsarki bai yi ba. Ta biyu tana tsaye a kan gicciye da tashin matattu. Ishaya 43:2 bai yi wa mutanen Allah alkawarin cewa ruwan zai amfane su ba, alkawarin da ya yi shi ne Ubangiji zai kasance tare da su a cikinsa.

Daga nan abubuwa huɗu suke fitowa ga aikinmu. Na ɗaya, mu koyar da tauhidin wahala da rani, lokacin da mutane suke da ƙarfin ji, domin jinga ba a yin ta ran da ruwa ya iso. Na biyu, a ranar masifa mu rage magana, mu je, mu zauna, mu kai abinci da tabarma, mu koma bayan wata uku lokacin da masu gaisuwa sun watse. Na uku, mu dawo da zaburun makoki cikin sujada, mu karanta su ba tare da hanzarin yi musu kwaskwarima ba. Na huɗu, kada mu matsa wa kowa ya ba da shaida. Wani zai ba da ita bayan shekara 22. Wani ba zai taɓa ba da ita a wannan duniya ba, wannan kuma bai sa bangaskiyarsa ta gaza ta Yusufu ba. Ibraniyawa 11 ya lissafta waɗanda suka tsira daga takobi da waɗanda takobi ya kashe a jeri ɗaya.

Na koma wannan ikilisiya bayan wani lokaci, na nemi matar nan tare da matata da wata dattijuwa ta zumuntar mata, na roƙi gafararta. Ba ta ce wahalar ta koya mata kome ba, ni ma ban tambaya ba. Muka karanta Zabura 88 tare, muka yi addu'a, muka yi sallama. Har yanzu tana zuwa sujada.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Karanta Ayuba 5:17-27 da Ibraniyawa 12:5-15. Me ya sa aka tsawata wa Elifaz, alhali maganarsa ta yi kama da ta Ibraniyawa?

2. Wane bambanci ne ke tsakanin "haƙuri" yadda muke faɗarsa a gidan makoki, da jimirin da ke cikin Romawa 5:3-5?

3. Ka tuna da wani a ikilisiyarka wanda wahala ta raba da sujada. Me ikilisiya ta yi a lokacin, me kuma za ta iya yi yanzu?

4. Cikin wahalolin da ke damun jama'arka, waɗanne ne ya kamata a jimre, waɗanne ne kuma ya kamata a tashi a gyara?